Karona na farko: farautar barewa da baka a tsaunukan Colorado, ina neman shawara

Abban Sadiƙ (Aurora):
Assalamu alaikum jama'ar gida. Bana ƙuri'a ta faɗo kaina. Hukumar kula da namun daji ta Colorado ta ba ni lasisin namijin barewa guda ɗaya, na masu baka, daga 2 ga Satumba zuwa 30 ga wata. Irin barewar nan ce mai kunnuwa kamar na alfadari. Yankin da na samu ya haɗa da wani sashe na tsaunukan Flat Tops, gabas da garin Meeker. Ban taɓa taka wurin ba, a taswira kawai na san shi.

Shekara biyu ke nan ina koyon harbi. Bakana na zamani ne, ƙarfin jansa fam 60, kuma a filin gwaji ina zuba kibiya biyar cikin faɗin faifai daga yadi 50. Kakana maharbi ne a ƙasar Zamfara. Na tashi ina ganin kwarinsa rataye a zaure, amma Allah Ya yi masa rasuwa kafin in isa bin sa daji. Abin nan ya daɗe a raina.

Shirina shi ne: na ɗauki hutun kwana 9. Zan ajiye mota a ƙarshen hanya, in goya kayana, in shiga kamar mil 8 inda babu mutane, in kafa tanti. Ni kaɗai zan je, don ban sami abokin tafiya ba. Duk wanda ya san harkar nan, don Allah ya duba mini inda shirin ke da ɓaraka.

Auta (Salt Lake City):
Wa alaikumus salam Yaya. Allah Ya sa a dace! Ni dai shirin ya yi mini. Bakin hanya cike yake da mutane, musamman masu neman elk, wannan babbar mai kama da gwanki, don lokacinsu ɗaya da naku. In ba ka yi nisa ba, motoci kawai za ka gani. Ka sauke taswirar onX a waya tun kana gida, ka shige ciki abinka.

Baba Na-Boise:
Wa alaikumus salam. Abban Sadiƙ, Allah Ya jiƙan kakanka, Ya sa ka gaje shi. Na yi shekaru ina wannan farauta a Idaho, kuma zan gaya maka abin da wani dattijo Bature ya gaya mini a shekarata ta farko, ban ji ba sai da na gani da idona. Ba daga shiga ake fara lissafi ba, daga fitowa ake farawa.

Ka ɗauka Allah Ya ba ka. Barewa tana kwance gabanka da ƙarfe 10 na safe, rana ta fara zafi. Babban namiji, in ka feɗe shi ka zare ƙashi, naman zai kai kilo 30, wani ya fi. Ga kai da ƙaho. Ga tantinka da bargo da baka da sauran tarkace, su ma kilo 18 zuwa 20. Mutum ɗaya ba zai kwashe wannan a sawu ɗaya a kan dutse ba. Sawu biyu ne: mil 8 fita, mil 8 komawa, mil 8 sake fita. Mil 24 ke nan, 16 daga ciki da kaya a baya. Kuma inda ka ce za ka je, dokar 1964 ta keɓantattun dazuzzuka ta hana mota, ta hana babur, ta hana keke, ko amalanken turawa ba a yarda ba. Ƙafarka ce ko doki.

To kafin ka gama wannan zirga-zirga, naman yana ina? A farkon Satumba dare kan yi sanyi har raɓa ta daskare, amma da rana akan yi ɗumi sosai. Ni na taɓa rasa cinya guda sukutum. Na bar ta a jikin ƙashi, ban buɗe ta ta sha iska ba, washegari da na tsaga kusa da ƙashin sai wari ya buge ni, wurin ya yi kore-kore. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi. Rai ne na ɗauka, na kasa riƙe amanarsa.

Shawarata: kada ka wuce mil 2 zuwa 3 daga mota a wannan karon.

Auta (Salt Lake City):
Baba, da girmanku, amma mil 2 ai kowa yana zuwa. Me ya rage a wurin?

Baba Na-Boise:
Auta, ba nisa ke korar mutane ba, wahala ce. Masu dawakai da samari masu ƙarfi duk can ciki suke tafiya, sai ka yi mil 8 ka tarar da tantuna uku a bakin tafki. Amma gangaren da ke mil ɗaya da rabi daga titi, wanda babu turba a cikinsa, sai an haura ƙafa 1,000 cikin itatuwan da suka faɗi, shi ne kowa ke wucewa. Na fi ganin barewa a irin waɗannan wurare.

Maman Ilham (Denver):
Sannunku. Ni ban san farauta ba, aikin jinya nake yi, amma akwai abin da ya sa ba zan yi shiru ba. Abban Sadiƙ, ka san rukunin jininka? Ina nufin AA kake ko AS?

Dalilin tambayata: saman Flat Tops ya haura mita 3,000 daga matakin teku. A irin wannan tsawo, iskar da mutum ke samu a kowane numfashi ta ragu da kusan kashi 30 cikin ɗari. Mutanenmu da yawa suna ɗauke da AS ba su sani ba, tun da ba ya sa su ciwo a gida. Amma a kan tsauni, ga aikin ƙarfi ga ƙarancin ruwa a jiki, jini kan iya toshewa a saifa. Alamarsa ciwo mai tsanani a hagun ciki, ƙarƙashin haƙarƙari, wani lokaci har ya harba kafaɗar hagu. Wanda wannan ya same shi yana mil 8 daga mota shi kaɗai, wa zai sauko da shi? Gwajin ba shi da wuya, ka je ka yi tun yanzu. In AS ne, ba cewa na yi ka fasa ba, amma ka zauna da likitanka kafin ka saka rana.

Ko AA ne ma, ciwon tsauni ba ya duba ƙarfin mutum. Yakan fara ne daga wajen mita 2,500: ciwon kai, tashin zuciya, rashin barci, kasala. Zamanka a Aurora ya taimake ka, don muna kan mita 1,600 ne, amma bai isa ba. Ka kwana ɗaya ko biyu a tsaka-tsaki kafin ka haura. In ciwon kai ya ƙi tafiya, ko numfashi ya yi wuya kana zaune, ko ka ga kana tangaɗi, maganinsa saukowa, a daren ma in ta kama. Akwai ƙwaya da likita ke rubutawa don rigakafi, ka tambaye shi.

Abban Sadiƙ (Aurora):
Hajiya, Allah Ya saka da alheri. Wallahi ban taɓa kawo wannan a raina ba. Mun yi gwaji kafin aure, na san matata AA ce, nawa kuma na manta abin da aka rubuta. Zan sake yi a makon nan.

Baba, lissafinku ya shige ni. Ni duk tunanina yana kan yadda zan kai ga dabbar, ban taɓa zama na auna abin da zai biyo baya ba.

Ɗan Maharba (Katsina):
Salamu alaikum. Ni ina gida, ban san Amurka ba, amma a gidan maharba aka haife ni, mahaifina ya yi zamani da Sarkin Baka na garinmu. Abin da ya ɗaure mini kai a maganarka shi ne yadi 50. Mahaifina bai taɓa sakin kibiya daga irin wannan nisa ba. Sai ya ɗaura burtu a goshi, ya durƙusa, yana tafiya yana sunkuyar da kai kamar tsuntsun yana kiwo, har ya matso inda zai ga ƙiftawar idon dabba. Ya kan ce harbi kowa ma zai iya koya, sanɗa ita ce sana'ar.

Kuma su da dafi suke harbi, na ƙwanƙwani, ko a cinya kibiya ta shiga dabba za ta faɗi. Ku kuna da dafi a can?

Sannan iska. Yana da ɗan ƙunshin toka a aljihu, kowane ɗan taku sai ya ɗiba ya saki ya ga inda ta nufa. Dabba za ta iya ganinka ta yi shakka, za ta iya jin motsinka ta tsaya, amma in ta shaƙi warinka magana ta ƙare.

Baba Na-Boise:
Ɗan Maharba, Allah Ya yi maka albarka, ka faɗi abin da nake shirin faɗa. Dafi haramun ne a dokar nan. Kaifin kan kibiya kaɗai ke aiki, shi ya sa dole ta ratsa huhu biyu ko zuciya, wuri ne da bai fi faɗin faifai ba, bayan ƙafar gaba. Dokar Colorado ta ce baka kada ya gaza fam 35, kan kibiya kuma faɗinsa kada ya gaza bakwai bisa takwas na inci, da baki biyu na ƙarfe aƙalla. Naka ya wuce haka, Abban Sadiƙ, ba a nan matsalar take ba.

Yadi 50 na filin gwaji daban yake da yadi 50 na dutse. A can kana tsaye a shimfiɗaɗɗen wuri, ka huta, babu abin da ke motsi. A nan kana durƙushe a kan tsakuwa, ƙafa ɗaya sama ɗaya ƙasa, ƙirjinka na dukan tara-tara, iska na kaɗa baka. Ka rage kashi ɗaya cikin uku. In 50 kake iyawa a gari, iyakarka a daji 30 zuwa 35. Daga yau ka cire kan gwaji ka saka ainihin kan farauta, don sau da yawa ba wuri ɗaya suke sauka ba. Ka riƙa gudu ka dawo kana haki sannan ka harba guda ɗaya tak. Ka koyi harbi daga tudu zuwa gangare: kibiya takan sauka sama da inda ka nufa in ka yi lissafi da tsawon gangaren, don haka ka samu na'urar auna nisa mai gyara wannan da kanta.

Maganar toka kuwa, har yau ita muke yi, sai dai a 'yar kwalbar roba ake sayar da hodar. Abin da zan ƙara shi ne iskar tsauni tana da lokaci. Da asuba, kafin rana ta taɓa gangare, iska mai sanyi ƙasa take gangarawa kamar ruwa. In rana ta ɗaga ta dumama ƙasa, sai ta juya ta riƙa hawa. Da yamma ta sake komawa ƙasa. Tsakanin juyawar nan, wajen ƙarfe 8 zuwa 10 gwargwadon inda gangaren ya fuskanta, sai ta yi ta walagigi, a nan ake ɓata farauta. Saboda haka da sassafe aikinka zama ne. Ka hau wuri mai tsawo tun da duhu, ka kafa madubin hangen nesa a kan ƙafafunsa, ka yi ta duba gangaren da ke fuskantarka. A farkon Satumba mazan suna tare, ƙahonsu da sauran laushi da gashi-gashi a jiki, ba su son kurmi mai yawa, suna kiwo a sarari. Ka bi ɗaya da ido har ya kwanta a inuwa. Ka lura da dutse ko busasshen itacen da ke kusa da shi, don in ka zagaya can komai zai sauya kama. Sai iska ta daidaita tana hawa, sannan ka zagayo ta samansa, ka cire takalmi a yadi 100 na ƙarshe, ka sauko da safa. Kana iya yin awa biyu a zaune yadi 30 daga gare shi kana jiran ya miƙe da kansa. Kada ka jefa dutse don ka tashe shi.

Malam Na-Agadas (Minneapolis):
Assalamu alaikum wa rahmatullah. Na ga ana ta maganar nama kada ya lalace, to akwai kuma maganar ya halatta tukuna. Bari in kawo abin da muka karanta.

Farauta don abinci halal ce, don wasa kawai makaruhi ce, haka ya zo a Risala. Sharaɗi na farko niyya da bisimilla lokacin sakin kibiya, ba lokacin da ka iske dabba ba. Na biyu, kibiya ta huda da kaifinta ta fitar da jini. Hadisin Adiyyu ɗan Hatim ya bambanta abin da makami ya huda da tsininsa da abin da ya buge da gefensa, na biyun ba a ci. Na uku, in ka iske ta da sauran rai tabbatacce, sai ka yanka. Malamanmu na Malikiyya sun tsananta a nan: in ka yi sakaci wajen bin ta, ko ka sa wuƙarka can cikin jaka har dabbar ta mutu kana kiciniyar ciro ta, alhali da wuƙar na kusa da ka samu yankawa, ba a ci. Don haka wuƙa a ƙugu take zama. Haka kuma in ka same ta ta faɗa ruwa ta mutu, ba ka san kibiya ce ta kashe ta ko ruwa ba, an hana ci.

Baba Na-Boise:
Malam, a nan nake da tambaya, kuma ta daɗe tana damuna. Abin da gogewa ta nuna shi ne, in ka harbi barewa ka bi ta nan take, sai ta tashi ta yi ta gudu har ka rasa ta. In ka ƙyale ta, ba ta yin nisa take kwanciya. Muna duba kibiya da jinin da ya zuba. Jini mai haske da kumfa, huhu ne, rabin awa zuwa awa ɗaya ya isa. Jini mai duhu, hanta ce, sai a jira awa 4 ko fiye. In kuwa ka ga kore-kore da warin tumbi, to sai awa 8 zuwa 12, wanda in da yamma ne ya zama sai gari ya waye. Wannan jiran yana cikin sakacin da kuka ambata? Kuma na ji ana cewa abin da ya kwana ba a ci.

Malam Na-Agadas (Minneapolis):
Baba, tambayarku tana da nauyi. Maganar kwana tana nan a Risala: ana cin abin da kibiyarka ta kashe matuƙar bai kwana ba. Amma a wurin dai aka kawo ɗaya ƙaulin, cewa wannan ya shafi abin da kare ko shaho ya kama ne, in kuwa ka sami kibiyarka a makasa babu laifi a ci. Kuma a Sahihu Muslim akwai hadisin Abu Sa'alaba, cewa wanda ya harba kibiya dabba ta ɓace masa sannan ya same ta, ya ci matuƙar ba ta yi wari ba. Malamai da yawa a kan wannan suka tafi, da sharaɗin babu alamar wani abu daban da ya kashe ta, kamar haƙorin naman daji.

Game da jira, abin da na fahimta shi ne sakacin da ake zargi shi ne mutum ya bar nema don lalaci ko ya shagala da wani abu. Wanda ya dakata don ya san bin ta yanzu zai sa ya rasa ta gaba ɗaya, yana cikin nema ne. Wannan fahimtata ce, Abban Sadiƙ ya zauna da malamin da yake bi kafin ya tafi, kada sai yana tsaye kan gawa cikin duhu ya fara neman fatawa. Amma kun ga duk wannan saɓanin yana tasowa ne daga mugun harbi. Wanda ya matso kusa, ya harba da hantsi, ya huda huhu, bai shiga cikinsa ba.

Sallah kuma: tafiyarka ta kai ta ƙasaru. Alƙibla daga Colorado arewa maso gabas take, ka duba tun kana da intanet ka riƙe a kamfas. In ruwa ya yi ƙaranci ko sanyi zai cutar da kai, ga duwatsu nan, ka yi taimama.

Auta (Salt Lake City):
To ni har yanzu ina ganin ana tsorata Yaya da yawa. Mutane suna zuwa su kaɗai kowace shekara suna dawowa lafiya. Kuma akwai masu dawakai a Meeker da ake biya su fito wa mutum da nama.

Maman Ilham (Denver):
Auta, waɗanda suka dawo su kake gani a Facebook. Mu a asibiti ɗaya kashin muke gani. Targaɗe kawai ya isa ya kwantar da mutum a wurin da waya ba ta kamawa.

Injiniya (Grand Junction):
Na zo a makare. Ni kusa da yankin nake, kuma nakan je yawon ƙafa can da rani. Maganar dawakai gaskiya ce Auta, amma a Satumba masu dawakan suna da baƙinsu da suka biya tun bara. Sai an yi magana da su tun yanzu, a tabbatar suna da izinin aiki a wannan dajin, kuma a san yadda za a kira su daga inda babu sabis.

Abban Sadiƙ, abin da zan roƙe ka shi ne ka je ka ga wurin kafin ranar. Ba a fafe gora ranar tafiya. Daga Aurora zuwa Meeker awa 4 ne da 'yan kai. Ka ware ƙarshen mako biyu a Agusta. A taswira ka fitar da wuri 4 ko 5, kowanne da inda za ka ajiye mota, inda za ka zauna ka yi hange, da inda ruwa yake. In ka je za ka tarar biyu ba su da amfani: ko rafin ya ƙafe, ko hanyar ta fi ƙarfin motarka, ko itatuwa sun rufe inda ka ɗauka fili ne. Akwai ofishin ma'aikatan gandun daji a cikin Meeker, ka shiga ka gaishe su, ka karɓi taswirar hanyoyin da aka yarda mota ta bi, ka tambayi ko an hana hura wuta. Ka kuma tambaye su inda garken tumaki suke kiwo a lokacin. Ana kai dubban tumaki can sama da rani, makiyayan galibi 'yan ƙasar Peru ne, da manyan fararen karnuka masu gadi. Inda tumaki suka yi sati, barewa takan matsa. Ka kira jami'in namun daji na yankin ma, suna amsa tambaya in ka nuna ka riga ka yi naka binciken. Da ɗan gari akan ci gari.

Ƙasan dutsen, wajen kogin White River, gonakin mutane ne da yawa. A Colorado mai fili ba dole ne ya kafa allo ko shinge ba, kai ne za ka san inda kake. Ko dabbar da ka harba ce ta tsallaka filin wani, sai ka nemi izini kafin ka shiga. Mu baƙaƙen fata ɗauke da makami a ƙauyen da ba a san mu ba, ba sai na yi dogon bayani ba. Lasisi da katin shaidar koyon farauta su kasance a aljihunka kullum.

Wasu abubuwan da kada su wuce ka: hadari kan taso da azahar, saman Flat Tops kuwa fili ne fetal, in ka ji tsawa ka sauka daga tudu, kada ka fake ƙarƙashin itace guda. Dusar ƙanƙara tana iya sauka a Satumba. Ruwan rafi komai haskensa sai ka tace, akwai ƙwayar cutar da ke sa zawo. Akwai baƙar beyar, don haka abinci da nama a rataye su nesa da tanti. Sannan a tsakiyar wata masu bindigar ɗuri suna shigowa na kwana 9, lokacinsu yana faɗawa cikin naku. Su doka ta tilasta musu sa riga mai ruwan lemo, ku ba ta tilasta muku ba. A 2021 wani mai bindigar ɗuri ya harbe mai baka har lahira a dajin San Juan, ya ɗauka dabba ce. In hutunka ya kai lokacin, ka sa hula mai ruwan lemo.

Baba Na-Boise:
Injiniya ya gama magana. Saura aikin wuƙa. Abban Sadiƙ, ka taɓa feɗe dabba kai kaɗai a ƙasa, ba a rataye ba?

Abban Sadiƙ (Aurora):
Ragon layya kawai Baba, shi ma a rataye, da mutum biyu suna riƙe mini.

Baba Na-Boise:
To kafin Satumba ka je gonar da kuke sayen rago, ka sayi akuya, ka yanka, ka feɗe ta a ƙasa kai kaɗai ba tare da ka fasa ciki ba. Ka tsaga fata ta gadon baya, ka ɗaye gefe ɗaya, ka cire ƙafar gaba, ka cire cinya daga gaɓar ƙugu, ka zare doguwar tsokar baya, ka yanki naman wuya da na haƙarƙari, ka lallaɓa ta bayan haƙarƙarin ƙarshe ka ciro tsoka mai laushin nan ta ciki. Ka juya ta ka maimaita. Ka duba agogo ka ga awa nawa ya ɗauke ka. Kowane yanki ya shiga jakar yadi mai shan iska saboda ƙuda, ban da leda. A rataye a inuwa, in da rafi kusa to a gefensa inda sanyi ke kwanciya. A mota kuma ka bar manyan kuloli biyu cike da ƙanƙara, a rufe da bargo.

Doka tana da nata a nan. Ka sa hannu a takardar lasisi ka maƙala ta a jikin naman. Dole shaidar cewa namiji ne ta zauna a manne da ɗaya daga cikin cinyoyin, kada ka yanke ta ka yar. Barin cinyoyi, ƙafafun gaba ko tsokar baya a daji laifi ne babba. Nama ake fara fitarwa, ƙaho daga baya.

Maman Ilham (Denver):
Ƙari ɗaya tun da yara za su ci. Akwai cutar da ke rame barewa tana taɓa ƙwaƙwalwarta, wadda aka fara ganowa a Fort Collins a 1967, kuma tana cikin garken arewa maso yammacin jihar nan. Dabba na iya ɗauke da ita ba alama. Ba a tabbatar ta kama mutum ba, amma hukumomin lafiya sun ce kada a ci naman da gwaji ya nuna yana da ita, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Ka sa safar hannu, ka guji ƙwaƙwalwa da lakar baya, ka kai kan ofishin hukumar a gwada. Naman ya jira a firiza, kada a yi kilishi ko a raba wa maƙwabta sai sakamako ya fito.

Ɗan Maharba (Katsina):
Ikon Allah. Mu a nan ƙwaƙwalwar ma yara ake ba. Abban Sadiƙ, abu ɗaya ya rage da ba wanda ya faɗa: kana iya yin kwana 9 ɗin nan ba ka saki kibiya ko ɗaya ba. Mahaifina yakan yi sati ya dawo da kwarinsa cike, ya zauna ya ba mu labarin inda ya ga sawu da inda suke shan ruwa, wata na gaba sai ya koma can kai tsaye. In ranar ƙarshe ta zo ba ka samu ba, kada haushi ya sa ka harba daga nesa.

Abban Sadiƙ (Aurora):
Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Ga abin da na tsayar. Mil 8 na fasa. Zan kafa babban tanti kusa da mota, in riƙa shiga mil 2 zuwa 3, in na ga wurin da ya cancanta in kwana ɗaya ko biyu a can da ƙaramin kaya. Iyakar harbina yadi 30, kuma ba zan saki kibiya ba in rana ta kusa faɗuwa. Gwajin jini ranar Alhamis. Na yi odar na'urar aika saƙo ta tauraron ɗan'adam, zan riƙa turo wa Maman Sadiƙ inda nake safe da yamma, kuma zan bar mata taswira da lambar ofishin sherif, wato shugaban 'yan sandan yankin, da ranar da in ba ta ji ni ba za ta kira. Malam, zan je wurin limaminmu da tambayoyin nan a rubuce.

Injiniya, in Allah Ya kai mu Asabar ta biyu a Agusta zan taho duba wurin. Ko za ku samu lokaci mu haɗu a Meeker?

Injiniya (Grand Junction):
In sha Allahu. Ka taho da takalmin da za ka yi farautar da shi, da jakar, ka zuba mata kilo 20 mu hau da ita ka ji yadda take. Mu haɗu bayan sallar asuba, don mu kai sama kafin hadari ya haɗu.

Auta (Salt Lake City):
Yaya, ni ba ni da lasisin Colorado, amma ɗaukar nama ba ya buƙatar lasisi. Ina da hutun kwana 4 a makon farko na Satumba. In kana so in zo in riƙe maka madubi, in Allah Ya ba ka mu raba kayan biyu. Turo mini ranar da za ka tashi.